Kunne Ya Girmi Kaka: Amsar Wasiƙunku Kan Faya-fayan Simfoni da Aka Yi Wa Ko-oho

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda, wato simfonin Turai na ƙarshen zamanin da ake kira Romantik, daga wajen 1870 zuwa farkon ƙarni na 20. Ga wanda yau ya fara leƙo wannan shafi: simfoni dogon kiɗa ne, galibi ba muryar mawaƙi a ciki, makaɗa 80 zuwa 100 ke yin sa tare a ƙarƙashin madugu guda, kuma ana raba shi babi-babi, yawanci huɗu. Mun bar sunayen mawallafan kiɗan da na kamfanoni yadda masu su ke rubuta su, don nema ya zo muku da sauƙi.

Tambaya daga wani malami a Kaduna: Na saurari simfoni ta 6 ta Tchaikovsky da ta 9 ta Dvořák da ta 5 ta Mahler har na kusa haddace su. Ina zan dosa yanzu, kuma ɗaukar wa zan nema?

Malam, tun da ka saba da Dvořák, fara da surukinsa Josef Suk. Sunan simfonin kaɗai zai tsayar da kai: Asrael, wato Azara'ilu, mala'ikan ɗaukar rai. Dvořák ya rasu a watan Mayu na 1904, Suk ya kama rubuta simfoni don tunawa da malaminsa kuma uban matarsa. Ya gama babi uku, sai ita ma matar, Otilie, ta cika a watan Yuli na 1905 tana da shekara 27. Abin da ya shirya wa ƙarshen ya ajiye shi, ya rubuta wasu babi biyu dominta, ya kammala a 1906. Babi biyar ne, sa'a guda. Ka kasa kunne a babi na biyu: akwai amo guda siriri da ake ja ba a saki, sauran kiɗan na tafiya a ƙarƙashinsa kamar masu rakiyar gawa. Ɗaukar da za ka nema ita ce ta Václav Talich da ƙungiyar Czech Philharmonic, 1952, kamfanin Supraphon. Mono ce, wato sautin ta hanya ɗaya yake fitowa ba dama da hagu kamar sitiriyo ba, ba faɗi a cikinsa, amma Talich abokin Suk ne, kuma ya san inda zai riƙe makaɗa da inda zai sake su. In kunnenka bai jure wa tsohon sauti, akwai ta Charles Mackerras da wannan ƙungiya, 2007, ita ma a Supraphon.

Na biyu, ta 4 ta Franz Schmidt, ɗan Ostiriya. Ya rubuta ta a 1933 bayan 'yarsa Emma ta rasu a kan haihuwa, aka fara kaɗa ta a Biyana a 1934. Ba ta tsayawa tsakanin babi da babi, minti 45 zuwa 50 a jere. Turampet guda ce ke buɗe ta, ita kaɗai, a hankali, ba rakiya, kuma ita ce ke rufe ta da wannan karin. A tsakiya celo guda, wato babban gogen da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, yana da dogon kuka nasa. Ba banza ba: Schmidt da kansa makaɗin celo ne a gidan opera na Biyana lokacin da Mahler ke jan ragama. Nemi ta Zubin Mehta da Vienna Philharmonic, Decca, 1971. Mutane sun san Mehta da manyan bukukuwa da hayaniya, wannan faifan kuwa ba kasafai ake ambatarsa ba, alhali a wurinmu da wuya ka sami aikinsa da ya fi shi. Abin da ke ɓata wannan simfoni shi ne madugu ya ja ta da nauyi tun daga farko don wai ta makoki ce, sai zaren ya tsinke kafin a kai tsakiya. Mehta yana barin ta ta yi tafiyarta.

Kada duk ya zama zaman makoki, ga ta 1 ta Vasily Kalinnikov, ɗan Rasha, da aka fara kaɗawa a Kiyef a 1897. Ba ta kai minti 40 ba, kuma karin babin farko yana maƙalewa a ka tun ji na ɗaya. Tarin fuka ya kashe mai ita a Yalta a 1901, bai cika 35 ba. Ta Yevgeny Svetlanov a kamfanin Melodiya ita ce mai wuta. Ta Theodore Kuchar a Naxos ta fi tsabtar sauti, ta fi sauƙin samu.

Sai Hans Rott, tun da ka ambaci Mahler. Ɗan makarantarsu ne a Biyana, almajirin Bruckner, babban mawallafin simfoni ɗan Ostiriya. Ya gama simfoninsa a 1880, ya mutu a asibitin masu taɓin hankali a 1884 yana ɗan 25, ba a taɓa kaɗa ta ba sai 1989 a Cincinnati ta Amurka, a hannun Gerhard Samuel. Saurari babi na uku, sa'an nan ka koma ta 1 da ta 2 ta Mahler, ka ji wanda ya sha a rijiyar wani. Gargaɗi guda: Rott ya cika amfani da ɗan ƙarfen nan mai kusurwa uku da ake ƙwanƙwasawa, a ɗaukar da aka matso masa da makirufo yakan zama kamar ƙararrawar mai keke. Ta Paavo Järvi da ƙungiyar rediyon Frankfurt ta daidaita shi.

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Maraɗi: Na sauke ta 8 ta Bruckner har guda biyu. A ɗaya babin farko ya ƙare da tsawa, a ɗayar ya mutu shiru. Wacce ce ta lalace?

Malama, ba wadda ta lalace. Bruckner ne ya rubuta su duka. Ya gama ta 8 a 1887, ya aika wa madugu Hermann Levi, wanda ya yarda da shi ƙwarai, Levi ya duba ya ce bai gane kanta ba. Abin ya daki Bruckner, ya koma ya yi mata garambawul har 1890. Wadda ta ƙare da tsawa ita ce ta 1887. Mai mutuwa shiru ita ce ta 1890, wadda aka fi kaɗawa.

Ba nan kaɗai bambancin yake ba. Tsakiyar babi na biyu sabon kiɗa ne gaba ɗaya a ta 1890. A babi na uku, mai tafiyar hawainiya, inda kiɗan ya kai ƙololuwa za ki ji an haɗa fayafayan tagulla, wato faranti biyun nan da ake gwara wa juna, sau shida a ta 1887, sau biyu kacal a ta 1890. Da wannan kaɗai kina iya gane wadda ke kunnenki ko da ba rubutu a jikin fayil ɗin.

Akwai kuma wata ƙura a gaba, ta masu tace rubutun. Robert Haas ya fitar da bugunsa a 1939: ya ɗauki ta 1890, ya maido wasu guntaye daga ta 1887 waɗanda yake ganin matsa wa Bruckner aka yi ya yanke. Leopold Nowak ya zo a 1955 ya buga ta 1890 zalla, a 1972 kuma ya buga ta 1887. A cikin madugai, Karajan da Günter Wand bugun Haas suka bi, Eugen Jochum da Giulini kuma na Nowak. Don haka kafin ki ce wannan madugu ya fi wancan, duba bayan kwali ko bayanin fayil: shekara da sunan mai tacewa. In an rubuta "1890, Nowak" ko "Haas", kin san inda kike. In ba a rubuta komai ba, ƙarshen babin farko zai gaya miki.

Eliahu Inbal da ƙungiyar rediyon Frankfurt su suka fara ɗaukar ta 1887, a farkon shekarun 1980. Amma mu Georg Tintner muke tura mutane gare shi, a Naxos, da ƙungiyar ƙasar Ayalan. Tintner ya kai kusan 80 kafin duniya ta san da shi, ya yi yawancin aikinsa a Niyu Zilan da Ostireliya da Kanada, nesa da manyan kamfanoni. Makaɗansa ba su kai na Barlin kauri ba, wannan gaskiya ce, amma ba ya gaggawa ba ya ado, ginin kiɗan na fitowa sarai. Ta 3 da ya ɗauka a siffarta ta farko, ta 1873, ita ma a neme ta. Ta 3 ɗin tana da siffa uku: 1873, 1877 da 1889.

Gudu ma yana ruɗarwa. Carl Schuricht da Vienna Philharmonic a 1963 sun gama ta 8 cikin minti 70 da 'yan kai. Celibidache a Munich a 1993 ya haura minti 100. Ta Schuricht ita ce aka manta, wataƙila don an riga an sa wa mutane a rai cewa Bruckner sai da jan ƙafa.

Irin wannan tarko yana jiran ki a ta 2 ta Rachmaninoff. Cikakkiyarta sa'a guda ce, amma shekaru da yawa madugai suna datse ta son ransu. In kin ga jimillar lokaci ta gaza minti 50, an yi yanka. André Previn da London Symphony a 1973 cikakkiya suka ɗauka, Jack Brymer ke busa kilarinet a babi na uku. Ta Kurt Sanderling da makaɗan Leningrad, 1956, mono, tana da yanka, duk da haka ba ma yar da ita, don jin yadda gogen Leningrad ke numfashi tare ya isa dalili.

Tambaya daga Zangon Kumasi: Ana ta yaba tsofaffin ɗauka, ni kuwa in na kunna sai shuuu da ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa. Me ake ji a ciki?

Ɗan'uwa, suyar gyaɗar nan kunne kan manta da ita bayan minti biyar, muddin wanda ya juye tsohon faifan zuwa CD ko fayil ya san aikinsa. Matsalar yawanci a wurin juyin take.

Kafin 1948 faifan garmaho mai juyi 78 a minti ake da shi, kowane gefe minti huɗu zuwa huɗu da rabi. Ɗauki ta 9 ta Mahler da Bruno Walter ya ja da Vienna Philharmonic ranar 16 ga Janairu 1938, a gaban jama'a. Faifai 10 ta ci, gefe 20. Walter ne ya fara kaɗa wannan simfoni a duniya, a 1912, da wannan ƙungiya. Wata biyu bayan ɗaukar Hitler ya haɗiye Ostiriya, aka kori Yahudawan da ke cikin makaɗan, har da shugaban masu goge Arnold Rosé, mijin ƙanwar Mahler. Babin ƙarshe a nan minti 18 ne, madugan yau sukan kai 25 ko fiye. Ga kuma yadda masu goge ke zamewa da yatsa daga amo zuwa amo, salon da aka daina. Abin da ake ji ke nan: yadda mutanen da suka san Mahler ido da ido suke kaɗa shi.

Ga yadda za ka gwada juyi. Je wurin da goge ke kiɗa a hankali, can sama. In shuuu ɗin ya ɓace ƙaf amma gogen ya koma kamar daga cikin randa yake fitowa, ko yana wani ɓulɓul kamar ƙarƙashin ruwa, an wuce gona da iri wajen share hayaniya, an kwashe saman sautin tare da ita. Gara mai ɗan shuuu. Sa'an nan lura da mahaɗar gefe da gefe, duk bayan minti huɗu da wani abu: in amo ya ɗan hau ko ya sauka a nan, ba a daidaita gudun faifan ba. Kuskuren kashi 6 cikin 100 a gudu yana ɗaga kiɗa rabin mataki cur, kashi 1 ma kunne mai kyau yana kama shi a mahaɗa. Na uku, guji duk ɗaukar da ta girmi tsakiyar shekarun 1950 amma aka rubuta mata sitiriyo ba bayani. Galibi na jabu ne, an raba mono gida biyu an ƙara amsa-kuwwa. Sunayen da za ka iya dogara da su a kan kwali: Mark Obert-Thorn da Ward Marston, waɗanda suka yi wa Naxos juyi da dama.

In ta 9 ɗin kake so da sauti mai kyau amma ba wadda kowa ke ambata ba, Karel Ančerl da Czech Philharmonic, 1966, Supraphon. Ba ya kuka a madadinka, kowane layi kana jin sa.

Tambaya daga ɗaliba a Zariya: A waya nake saurare. Wurin da ya yi ƙasa ba na ji, in na ƙara murya kuma sai ya fashe mini kunne. Ga data tana ƙarewa.

'Yar'uwa, haka kiɗan yake, ba laifin wayar ba ne kaɗai. Waƙoƙin zamani ana matse su su tsaya a ƙarfi guda, simfoni kuwa daga raɗa take tashi zuwa aradu. Ta 7 da ta 9 ta Bruckner duka da rawar goge suke farawa, ƙasa-ƙasa, in fanka na juyi ko janareton maƙwabta na aiki ba za ki san an fara ba.

Ki tsallaka zuwa wurin da ya fi ƙara, yawanci minti biyun ƙarshe, ki saita murya inda kunnenki zai ɗauka, ki dawo farko, kada ki sake taɓawa. Ki shiga saitin manhajar ki kashe abin da ke daidaita ƙarfin sauti, domin wani lokaci yana ɗaga babin shiru ya danne mai ƙara. Ki kunna wanda ke hana tsayawa tsakanin fayil da fayil, in ba haka ba ta Schmidt da muka ambata za ta riƙa yankewa a tsakiyar numfashi. Hedfon mai rufe kunne, ko iyafis mai robar da ta toshe sosai, ya fi ƙaramar lasifikar Bluetooth nesa ba kusa ba. Tsirkiyar ƙasa ta gogen da ya fi duka girma, wanda ya ɗara celo, tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, ƙaramar lasifika ba ta sauka can, sai gindin kiɗan ya ɓace.

Lissafin data kuwa: MP3 mai 128 kbps kusan megabait 1 ne a minti, sa'a guda wajen 58. Mai 320 kbps megabait 144 a sa'a. FLAC, wanda ba ya zubar da komai, 250 zuwa 350. A 128 gogen sama da fayafayan tagulla ne ke fara lalacewa, su yi wani shaf-shaf. Ga sitiriyo ki tsaya a 256 ko 320, ya wadatar a waya. Ki sauke sau ɗaya ki ajiye, ya fi ki riƙa jawowa kullum.

Tambaya daga Sabon Gari, Kano: Na sayi garmahon gwanjo da ya fito daga Amurka, da faya-fayan LP. Na sa masa taransifoma, yana juyi, amma kiɗan ya yi nauyi kamar mai jin barci.

Alhaji, taransifoma ta gyara ƙarfin wuta ne kawai, daga 230 zuwa 110. Ba ta taɓa bugun wutar ba. Wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu ta Najeriya da Nijar da Gana sau 50. In motar garmahon irin mai bin bugun wuta ce, za ta yi kashi biyar cikin shida na gudunta: maimakon juyi 33⅓ sai ka sami wajen 27.8. Kiɗan ya sauka mataki ɗaya da rabi, simfonin sa'a guda ta koma minti 72. Magani shi ne a canza ɗan gargaren da ke kan motar, inda bel ke ratayawa, a sa na wuta mai 50. Ko kuma ka nemi garmaho mai motar da ke riƙe gudunta da kanta, irin wanda aka rubuta wa "quartz". Shi ne ma ya fi dacewa da mai amfani da janareto, don bugun janareto hawa da sauka yake, kiɗan ya riƙa lilo. Gwaji mai sauƙi: manna ɗan tef a bakin faranti, ka ƙirga juyi. Ya kamata ka sami 100 cikin minti uku daidai. In ya gaza kaɗan kawai, bel ne ya saki saboda zafi.

In kuma sautin ya fito siriri ba gindi, ka jona shi ne a ramin AUX. Faifan LP ana rage masa ƙasa a ƙara masa sama wajen yanka, sai ya bi ta ramin PHONO ko ƙaramin akwatin da ke maido da shi daidai. Nauyin allura ka bi abin da kamfaninta ya ce, yawanci giram 1.5 zuwa 2. Rage nauyi fiye da kima ya fi ɓarna, don allura na tsalle a wurin ƙara tana ƙwarzane ramin. Kada ka ɗora kwabo a kanta. Kada kuma ka sa allurar LP a faifan 78, raminsa ya fi faɗi, tasa daban ce. Faya-fayan a jera su tsaye, nesa da taga da rufin kwano. Da hunturu a goge kowane gefe da burushi mai laushi kafin a ɗora allura, ƙura ce rabin ƙas-ƙas ɗin da ake ɗora wa tsufa.

Tambaya daga Damagaram: In ɗaukar tana da kyau haka, me ya sa aka manta da ita?

Malam, suna yana bin kamfanin da ke da kuɗin talla da shaguna. A da Supraphon a Cekoslobakiya take, Melodiya a Tarayyar Sobiyet, Eterna a Jamus ta Gabas, faya-fayansu da ƙyar suke tsallakowa yamma lokacin yaƙin cacar baka. Shi ya sa Bruckner ɗin Heinz Rögner da Sibelius ɗin Sanderling, waɗanda aka ɗauka a Barlin ta Gabas, ba su yi tashe ba, yanzu ana samun su a Berlin Classics. Wasu kuma a ma'ajiyar gidajen rediyo suka kwana. Ta 8 ta Mahler da Jascha Horenstein ya ja a Royal Albert Hall na Landan a watan Maris na 1959, BBC ta ɗauke ta da sitiriyo, amma sai da ta shekara kusan 40 kafin BBC Legends ta fitar da ita a hukumance. Audite da Orfeo da Testament irin wannan tono suke yi.

Akwai ribar da ke cikinsu wadda sababbi ba su da ita. A wancan lokaci kowace ƙasa da muryarta. Masu ƙaho na Rasha suna karkarwa da amo, turampet ɗinsu na yanka kamar wuƙa. Masu busa na Cek suna da wani ɗanɗano na ƙauye, kaifi-kaifi. Obo ɗin Biyana, ɗan'uwan algaita ta wajen bakin busa mai harshe biyu, ginin sa daban ne da na Faransa da sauran duniya ke amfani da shi.

In za ka gwada biyu, kada ka saurare su daga farko zuwa ƙarshe a jere, ta biyun za ta tarar da kunne ya gaji. Zaɓi wuri uku, kowane minti biyu: buɗewa, wata mahaɗa inda gudu ke canzawa, da shirun da ke biyo bayan ƙololuwa. Daidaita ƙarfin muryarsu tukuna, domin wadda ta ɗan fi ƙara kullum ita kunne ke zaɓa. In da hali wani ya kunna maka ba tare da ka ga kwalin ba. A ta Suk, gwada minti ukun ƙarshe, inda ƙahoni ke shigowa a hankali bayan guguwa ta lafa: a hannun wasu za ka ji wurin da suka shigo, a hannun Talich sai dai ka farga suna nan.